Ku Tambayi Likitan Haƙori: Shin Zaman Haƙora Na Kawo Ciwon Kai?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk hanya ɗaya suka bi, ciwon kai da ake zargin daga baki yake tasowa, da kuma sabbin na'urorin nan da asibitocin haƙori na kuɗi suka fara shigowa dasu. Sai na ware guda shida na haɗa su wuri ɗaya. Kamar kullum mun cire sunaye, kuma amsar mujalla bata hana mutum zuwa a duba shi ido da ido.

TAMBAYA: Salam Dakta dan Allah ataimaka min da shawara. Ni tela ce shekarata 34, ya kai shekara biyu kenan kusan kullum in na tashi da asuba sai inji kaina ya ɗaure tamau ta gefe da gefe wajen tsakanin ido da kunne, wani lokacin har wuya. Nasha maganin maleriya nasha na taifod har na gaji, an auna jinina ance bai hau ba, an bani gilashi ma amma shiru. Maigidana yace da daddare ina gurza haƙora har abin yana tashinsa daga barci, kuma in na buɗe baki sosai inajin ƙas a gefen dama. Wata ƙawata tace wai haƙorana ne basu zauna daidai ba. Da gaske haƙori nasa ciwon kai? Daga wata 'yar'uwa, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin kici gaba da karatu ki ɗora yatsunki a daidai wurin nan da kikace yana ɗaurewa, ki datse haƙoranki da ƙarfi, ki saki, ki sake datsewa. Kinji wani abu na tasowa a ƙarƙashin yatsun yana komawa? Toh tsoka ce, kuma ta tauna ce duk da a kai take zaune, daga gefen ƙoƙon kai ta faro ta bi ta bayan ƙashin kunci ta je ta kama muƙamuƙin ƙasa. Akwai 'yar'uwarta mai kauri a kumatu, ita ma zaki ji ta in kin datse. Su ne manyan masu rufe baki. Mutum ya dunƙule hannu na minti goma ma ya ji yadda damtsensa zai yi tsami, balle tsokar da ta kwana tana matsa, sai dai ita wannan in tayi tsami ba wanda zai ce tsokar taunata na ciwo, kaina na ciwo za'a ce, kuma da gaskiyar mutum tunda a kan take.

Ga kuma maganar jijiya. Wadda ke ɗaukar saƙon ciwo daga haƙora da muƙamuƙi ita ce dai ke ɗauko na goshi da ido da rufin ƙwaƙwalwa, babbar jijiya ce mai rassa uku, ta biyar cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga cikin kai ta kowane ɓangare, kuma saƙonninta a gindin ƙwaƙwalwa suke haɗuwa da na saman wuya, shi yasa ciwon kan yi yawo, abu na muƙamuƙi aji shi a goshi ko cikin kunne ko ƙeya.

Amma ƙawarki rabin gaskiya ta faɗa. Gurzar haƙora cikin barci ba karkacewar haƙori ke kawo ta ba, daga ƙwaƙwalwa umarnin ke zuwa, galibi a daidai lokacin da barci ya ɗan yi sama-sama na 'yan daƙiƙu wanda ke kanki bazaki san anyi ba. Abubuwan da aka san suna ƙara ta su ne damuwa, ƙarancin barci, taba, shayi mai kauri da kofi da goro da lemon ƙarin kuzari, wasu magungunan damuwa irin su fluoxetine da sertraline, da kuma minshari mai haɗe da ɗaukewar numfashi. Kuma tunda kince ɗinki kike, ina so ki lura da bakinki da rana, dan yawancin masu aikin ƙura ido haƙoransu a datse suke wuni basu sani ba, ga wuya a sunkuye kan keke, ga yanke zare da haƙori da riƙe fil a baki, in sallah ta matso kuwa sai a hankali. A ƙa'ida in mutum na zaune ba ya cin komai leɓɓansa ne kawai ke haɗe, tsakanin haƙoran sama da na ƙasa akwai 'yar tazara ta milimita 2 zuwa 4, kuma an ƙiyasta duk haɗuwar da suke yi a yini wajen tauna da haɗiya bata kai minti 20 ba.

Ƙas ɗin da kike ji, akwai ɗan faifan guringuntsi a cikin gaɓar muƙamuƙi, nan gaban kunne, in ya ɗan zame gaba sai ya riƙa komawa mazauninsa da ƙara duk sanda aka buɗe baki. Binciken da akayi da hoton MRI ya nuna kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda basu da wani ciwo ko kaɗan faifansu a zame yake. In babu zafi, bakin baya maƙalewa, kuma yatsunki uku a jere suna shiga tsakanin haƙoran gaba, ki rabu da shi.

Na sati biyu zuwa uku ki bawa muƙamuƙin hutu, a ajiye kilishi da ganda da rake da aya da goruba da cingam da tauna ƙashi, a koma tuwo da shinkafa da fate da makamantansu. Ki jiƙa tawul da ruwan ɗumi ki dafa a kumatu da gefen kai minti 10 zuwa 15 safe da dare, ki bi da murzawa a hankali. Duk sanda zaki canza zare ki tambayi kanki, haƙorana a haɗe suke? in a haɗe suke ki ɗora harshe a bayan haƙoran sama ki saki muƙamuƙin. Shayi kuma daga la'asar a haƙura. Sannan ki ƙirga min kwana nawa a wata kike shan maganin ciwon kai, dan wanda ke shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko masu haɗin kafin a ciki kwana 10, har tsawon wata uku, maganin da kansa yana iya zama shi ke riƙe da ciwon. In anyi wata babu canji kije sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko wani babban asibiti. Gwajin da yafi komai amfani da hannu ake yinsa, likita zai danna tsokar nan ya tambaye ki ko wannan ne ciwon kan da kika saba ji, a ƙa'idojin binciken da aka fitar a 2014 wannan amsar taki tana cikin sharuɗɗan cewa ciwon kan daga muƙamuƙi yake.

TAMBAYA: Dakta barka da aiki. Ina fama da ciwon ɓarin kai tun ina jami'a, yana zuwa da tashin zuciya kuma bana son haske. Kwanaki naje wankin haƙori wani asibitin kuɗi anan Abuja sai suka sa min wani ɗan fallen abu a baki na ciza, take hoto ya fito a kwamfuta da ja da shuɗi, sukace ɓangaren hagu na ɗaukar nauyi fiye da dama kuma wai shine ke jawo min ciwon, za'a goge wasu haƙoran a saka wa guda shida hula. Kuɗin ba kaɗan bane amma in zan rabu da ciwon zan nema. Me kake gani? Daga wani ma'aikaci, Abuja.

AMSA: Ɗan'uwa ka riƙe kuɗinka tukuna. Na'urar da ka gani gaskiya ce ba siddabaru bane, wadda akafi sani sunanta T-Scan, kamfanin Tekscan na Amurka ya fito da ita tun 1987. Fallen da ka ciza kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, cike yake da ƙananan ma'auna, kuma abinda yake nunawa abu biyu ne da takardar kabon ɗinmu ta gargajiya bata iya nunawa, wane haƙori ya riga taɓawa, kuma kashi nawa cikin ɗari na matsin kowane haƙori ya ɗauka. Ita takardar tabo kawai take bari, kuma girman tabo baya nuna ƙarfin cizo. Dan haka in an dasa wa mutum haƙori na ƙarfe a ƙashi, ko anyi masa huluna da yawa lokaci ɗaya, wannan na'ura tana da ranarta sosai.

Inda na rabu dasu shine tsallen da akayi daga "hagu yafi dama" zuwa "shine ciwon kanka". Ka tara mutum goma da basu taɓa ciwon kai ba ka basu fallen nan su ciza, da wuya ka samu wanda nasa ya rabu hamsin da hamsin, kai ko kai ɗin in ka sake cizawa kana kwance maimakon zaune hoton zai iya canzawa. Jan da ke allon baya nufin ciwo, yana nufin nan ne matsi yafi yawa a wannan cizon.

Tunanin cewa zaman haƙora ne tushen ciwon kai tsoho ne. A 1934 wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a birnin St. Louis na Amurka, James Costen, ya rubuta bayanin marasa lafiya 11 masu ciwon kunne da kai, ya ɗora laifin a kan zubewar turamen baya da ke sa muƙamuƙi rufewa fiye da kima. Maganar ta karɓu, akayi shekaru gommai ana goge haƙoran mutane ana ɗaga cizo ana saka huluna da sunan maganin ciwon kai. Da aka zo aka gwada abin yadda ya kamata, wato a goge wa wasu da gaske wasu kuma ayi kamar an goge, sai sakamakon ya ƙi fitowa yadda ake zato. Bitar da cibiyar Cochrane mai tattara binciken likitanci tana tantancewa ta fitar a 2003 tace babu hujjar cewa goge haƙora yana magance ciwon gaɓar muƙamuƙi ko yana hana shi. Wani babban bincike a Amurka mai suna OPPERA da aka fara a 2006 ya bi mutum sama da 2,700 masu shekara 18 zuwa 44 da basu da ciwon muƙamuƙi, aka ga kusan kashi 4 cikin ɗari na kamuwa duk shekara, kuma abubuwan da suka fi nuna wanda zai kamu su ne yawan wasu ciwuka a jiki, lalacewar barci, damuwa da ɗabi'un datse baki. Rahoton da majalisar masana kimiyya da likitanci ta Amurka ta fitar a 2020 shima hanyar ya bi, a fara da abinda za'a iya janyewa in bai yi ba. Ɓawon haƙori kuwa in an goge baya tsirowa, kuma kafin a saka wa haƙori hula sai an fere shi ta kowane gefe, lafiyayyun haƙora shida kenan da zasu koma masu neman gyara har ƙarshen rayuwa.

Sannan abinda ka siffanta, ɓari ɗaya, tashin zuciya, ƙin haske, wannan ciwon ɓarin kai ne na asali kuma cutar ƙwaƙwalwa da jijiya ce, sau da yawa ma gado ne. Eh, masu ita sunfi sauran mutane samun ciwon muƙamuƙi kuma ɗaya yana iya zuga ɗaya, dan haka in tsokar taunarka na ciwo a kula da ita, zai iya rage maka yawan tashinsa. Amma likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya kamata ka fara gani, akwai magungunan katse shi in ya taso da na rigakafi da ake sha kullum. In kuma har yanzu zuciyarka na kan maganar cizon, ka nemi ra'ayi na biyu a asibitin koyarwa, wajen wanda bashi da riba a hulunan.

TAMBAYA: Likita ina wuni. Bana Allah ya nufe ni da sauke farali, kafin mu taso na saka haƙorin Makka. Tun a jirgi nake jin kamar shi yake fara taɓawa in na rufe baki, yanzu sati uku kenan haƙorin na min zafi in na tauna kuma kaina na ciwo ta wannan gefen, alhali da ban san ciwon kai ba. Yara sunce zan saba. Daga wata Hajiya, Funtuwa.

AMSA: Hajiya barka da dawowa, Allah yasa karɓaɓɓe ne. Naki daban yake da na Malam na sama, kuma anan kam ina zargin haƙorin kai tsaye, saboda da lafiyarki lau, aka saka abu, ciwo ya biyo baya a gefen da aka saka. Haƙori yana da saurin ji fiye da yadda ake zato, silin gashi ɗaya in ya shiga tsakani sai kin ji shi, toh ina ga hular ƙarfe da galibi ba'a auna bakin mutum aka ƙera ta ba, zaɓowa ake cikin waɗanda ke ajiye a tura a liƙa, ga layi na jira a baya. In ta ɗara sauran tsawo ko da kaɗan ne duk nauyin cizo a kanta yake sauka, jijiyoyin da ke riƙe da saiwar haƙorin su kumbura, ke kuma ki fara karkatar da muƙamuƙi kina kauce mata ba tare da kin sani ba, tsoka ta gaji, kai ya ɗauka.

Kar ki jira sabo, sati uku ya isa. Gyaran ma baya cin lokaci, za'a sa miki 'yar takarda mai launi ki ciza ki gurza hagu da dama, inda yayi tsawo zai fito da tabo mai duhu wani lokacin da ɗan fari a tsakiya, a rage daga jikin hular, ba daga lafiyayyen haƙorin da ke fuskantarta ba. In bakin hular bai kama dasashi daidai ba gara a cire ta a sake, dan abinci na maƙalewa a ƙarƙashi haƙorin ya ruɓe a ɓoye. Wannan hukuncin ya shafi duk wanda aka yi wa sabon ciko ya ji yayi tudu bayan allurar kashe zafi ta sake shi.

A nan ne ma sabuwar fasaha tafi burge ni. Yanzu akwai 'yar kyamara da ake zagayawa da ita cikin baki ta ɗauki siffar haƙoran sama da na ƙasa da yadda suke haɗuwa, a zana hular a kwamfuta, inji ya sassaƙa ta daga dunƙulen tangaran, wani wurin a saka maka a ranar. A jami'ar Zurich ta Suwizalan aka fara wannan a 1985 da na'urar CEREC. Duk da haka ko ita in an liƙa sai an sa takardar nan an duba.

TAMBAYA: Dakta mahaifiyata ce shekararta sun haura 65, sati biyu kenan tana kukan ciwon kai a gefe ɗaya, ko ɗankwali bata so ya taɓa wurin, in tana cin abinci muƙamuƙinta na gajiya sai ta tsaya ta huta, jiya kuma tace idonta ɗaya ya ɗan yi duhu ya dawo. Haƙoran roba take sawa, ko su ne suka tsufa? Daga wani ɗa, Gombe.

AMSA: Wannan na riga na amsa shi tun ranar da ya shigo, na sako shi ne saboda sauran masu karatu. Ba maganar haƙoran roba bace, Mama asibiti zata tafi yau ba gobe ba. Sabon ciwon kai a wanda ya haura 50, da zafin fatar kai, da gajiyar muƙamuƙi wajen tauna, da ɗaukewar gani, alamun kumburin jijiyar jini ta gefen kai ne, ba'a cika samunsa a wajenmu ba amma in aka yi sake yana makantar da mutum cikin kwanaki kuma ganin baya dawowa. Za'a auna jini a duba alamun kumburi a fara magani nan take. Haka nan duk ciwon kan da ya faɗo lokaci ɗaya da tsananin da ba'a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya musamman lokacin zafi da sanƙarau ke yawo, ko da mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki, ko mai ciki da ƙafa ta kumbura, babu ruwan likitan haƙori a ciki, sashen gaggawa za'a nufa.

TAMBAYA: Salam. An cire min turame biyu na ƙasa shekara huɗu da suka wuce ban saka komai ba, gefe ɗaya nake tauna. Sannan 'yata mai shekara 15 haƙoranta sun hau juna kuma tana yawan ciwon kai, ance in an saka mata waya zai daina. Gaskiya ne? Daga Maman yara, Zariya.

AMSA: Wa alaikis salam Maman yara. Naki tukuna, giɓin da aka bari yana sa na kusa dashi su kwanto ciki, na sama kuma da ya rasa abokin karo ya riƙa zazzagowa a hankali, kuma tauna gefe ɗaya na iya gajiyar da tsoka. Cike giɓin abu ne mai kyau dan tauna da kare sauran haƙoran, ko da na cirewa ko gada (wadda ake kafawa a jikin haƙoran gefe da gefen giɓin) ko dashe, in dashe ne za'a iya buƙatar hoton CBCT, wanda ke nuna ƙashi ta kowace fuska a ga kaurinsa da inda jijiya ta bi. Sai dai ba kowane giɓi ne dole a cike ba, tun 1981 wani likita ɗan Holan mai suna Käyser ya nuna cewa mai haƙoran gaba da ƙananan turame cikakku, wajen 20 kenan, yana iya tauna lafiya lau. A duba bakin a gani.

Ita kuma yarinya, in ana so a jera mata haƙora dan kyau da sauƙin wankewa toh madalla, shekarunta ma sun dace, ko da waya ko da robobin nan masu haske irin Invisalign da ake canzawa duk sati ɗaya ko biyu. Amma bincike bai nuna jera haƙora yana maganin ciwon kai ba, kamar yadda bai nuna yana kawo ciwon muƙamuƙi ba, kar a sayar miki da shi da wannan sunan. A shekarunta a fara duba ido, barci, riƙe wayar salula har tsakar dare, fita makaranta ba karin kumallo, ƙarancin jini, da ko ciwon yana bin al'adarta. Kuma dan Allah a nisanta ta da wayar kwalliya da ake liƙa wa 'yanmata a shaguna, wannan tana motsa haƙori ba tare da lissafi ba, a tabbatar mai aikin likita ne da ke da rajista da MDCN, hukumar kula da aikin likitoci ta Najeriya.

TAMBAYA: Dakta naga ana tallan robar da ake sawa a baki da daddare a intanet, ana jefa ta a ruwan zafi sai a ciza. Ina cizon haƙora cikin barci har sun fara cinyewa, in saya? Daga wani direba, Maraɗi.

AMSA: Malam direba sannu da hanya. Robar dare aikinta na farko kare haƙori ne, maimakon haƙori ya ci haƙori sai ya ci roba, kuma tunda naka sun fara cinyewa kana buƙatarta. Bata hana ƙwaƙwalwa bada umarnin cizon, wasu dai suna samun sauƙin ciwon safe da ita wasu basa samu. Ƙa'idar da wani kwamitin masana ya fitar a mujallar likitanci ta BMJ a 2023 kan ciwon muƙamuƙin da ya wuce wata uku ta fifita motsa muƙamuƙi da miƙar da tsoka ƙarƙashin kulawar masu gashin ƙashi, da danna wuraren da tsoka ta ƙulle, da gyaran zama, da koyon sarrafa damuwa, ita robar ma bata sa ta a sahun gaba ba, wadda ke canza cizo dindindin kuwa cewa tayi a guje ta.

Ta ruwan zafin nan taushi gareta, kuma abu mai taushi a baki yana sa wasu su ƙara taunawa, ka kwana kana cin roba ka tashi da ciwon da yafi na jiya. Ga ta da girma, ga faɗowa cikin barci. Wadda tafi haɗari ita ce ƙaramar da ke rufe haƙoran gaba kawai ko na baya kawai, in aka daɗe ana sawa waɗanda ba'a rufe ba suna iya tasowa, wata rana ka wayi gari haƙoran gabanka basa haɗuwa. Wadda muke yi mai tauri ce, tana rufe duk haƙoran sama ko duk na ƙasa, samanta a shafe yadda muƙamuƙi zai zame ba tare da ya sarƙe ba, ana kiranta ta Michigan saboda a jami'ar can aka daidaita tsarinta. Da sai an cika maka baki da kwaɓin nan mai sa yunƙurin amai kafin a samu siffar haƙoranka, yanzu inda ke da kyamarar baki minti kaɗan ne, a tura fayil ɗin inji ya sassaƙa ko ya buga ta, in ta ɓace ma a sake bugo wata daga fayil ɗin. Inda babu kyamarar kwaɓin ma yana bada roba mai kyau in hannun ya iya, kar kace sai ka je Abuja ko Yamai.

Tambaya ɗaya da zan maka kafin komai, kana minshari? Iyali sun taɓa cewa numfashinka na ɗaukewa cikin barci, ko kana gyangyaɗi a kan sitiyari? In eh ne ka faɗa wa likita kafin a yi maka robar, dan irin wannan roba tana iya ƙara wa mai ɗaukewar numfashi matsala, shi akwai tasa daban mai turo muƙamuƙin ƙasa gaba, kuma sai anyi gwajin barci tukuna. Goro da kofin da ake sha dan a kai Kano ba'a tsaya ba suma suna cikin lissafi, ka rage su daga yamma. In an baka robar ka koma bayan sati biyu a sake daidaita ta, ka riƙa wanke ta da buroshi da ruwan sanyi, kar ka barta a gaban mota rana ta lanƙwasa ta, kuma duk sanda zaka je ganin likitan haƙori ka tafi da ita a duba inda ta cinye.